Likita Ya Miƙe Ƙafa, Wa Zai Riƙe Ta?

'Yan'uwa talakawa, maganarmu ta wannan mako a kan ƙafar jariri take. A cikin jarirai dubu da aka haifa akan sami kamar guda wanda ya zo duniya da ƙafa a murɗe, watau tafin ya juya ciki, yatsu sun dubi ƙasa, dunduniya ta ɗage sama. Maza sun fi mata samunta, wajen biyu bisa ɗaya, kusan rabinsu kuwa duka ƙafafun biyu ne. A Nijeriya ana haihuwar 'ya'ya fiye da miliyan 7 kowace shekara. To, ku da lissafi ya zama sana'arku, ku buga da kanku: yara wajen dubu 7 ke nan a shekara guda.

Wanda aka bari haka nan, in ya isa tafiya sai ya taka da gefen ƙafa ko da bayanta, wurin ya yi kanta, ya riƙa tsagewa, takalmi ba ya shiga. Kowa ya san inda yawancinsu suke ƙarewa, gama muna wuce su kullum a ƙofar kasuwa da bakin tasha da ƙoƙo a hannu. Abin baƙin ciki shi ne wannan lalura tana da magani, maganin kuwa ba mai tsada ba ne. In an soma da wuri, an kuma bi ƙa'ida har ƙarshe, fiye da tara cikin goma sukan taka daidai, su yi gudu, su yi noma, su ɗauki kaya. Abin da muke so mu faɗi ke nan a yau: likita yana miƙe ƙafa cikin wata biyu ko uku, amma gida ne ke riƙe ta har shekara huɗu. Nauyin nan kuwa a bayan uwa yake, ba daidai ba ne a bar ta da shi ita kaɗai.

Bari mu soma kawar da ruɗu tukuna. Murɗaɗɗiyar ƙafa ba shan-inna ba ce. Shan-inna ƙwayar cuta ce da ke kama yaro bayan haihuwa ta shanye masa ƙafa, wannan kuwa da ita ake haihuwarsa, tun a ciki jijiyoyin gefe ɗaya suka ɗaure suka ja ƙasusuwa. Takan bi jini a wasu gidaje. Ba laifin uwa ba ne, ba don ta fita da tsakar rana ba, ba kuwa don ta tsallake wani abu ba. Kuma ba karaya ba ce balle a ce a kai wa maɗori. Muna ganin girman maɗoranmu a kan abin da suka gada, amma ƙashin jariri guringuntsi ne, wanda ya murɗa shi da ƙarfi ya ɗaure da karare sai ya ɓata abin da ya zo gyarawa. Tsagar wanzami ma ba ta da aiki a nan.

Hanyar da asibitoci ke bi yanzu wani likita ne ya fito da ita, sunansa Ignacio Ponseti, haifaffen ƙasar Sifen a 1914, wanda ya yi aikinsa a jami'ar Ayowa ta Amurka har ya rasu a 2009. Ya lura yaran da aka yi wa babbar tiyata suna girma da ƙafa a sandare mai ciwo, sai ya koma ga abin da kakanninmu suka sani, watau icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane mako likita zai lallaɓa ƙafar da hannu, ya juyo da ita kaɗan, sa'an nan ya naɗe ta da auduga ya sa siminti irin na asibiti tun daga yatsu har gindin cinya, gwiwa a lanƙwashe. Bayan kwana bakwai a cire, a ƙara juyowa, a sa sabo. Galibi sau biyar zuwa takwas ake yi. An fi so a soma cikin makonnin farko na haihuwa, amma wanda ya makara kada ya fid da rai, gama har yaran da suka fara tafiya ana yi musu.

Daga nan sai maganar tiyata, wadda ke tsorata iyaye. Yawancin yaran, wajen takwas ko tara cikin goma, jijiyar nan ta bayan dunduniya da ake kira agara takan ƙi sakin ƙafa. Sai a sa maganin kashe zafi a ɗan yanke ta ta wata 'yar kafa ƙanƙanuwa, aikin 'yan mintoci, a sa siminti na ƙarshe ya yi mako uku. Cikin makonnin nan agarar takan haɗe da kanta, ta ƙara tsawo. Akwai kuma yaran da suka girma kafin a kawo su, ko waɗanda ƙafarsu ta koma bayan an gyara. Su akan yi musu aiki mafi girma, wani lokaci a ƙaurar da jijiya daga wani wuri zuwa wani, wani lokaci har da 'yan ƙarafa masu riƙe ƙashi, su zauna cikin siminti mako shida ko fiye. Ko wanne ne dai, ranar da aka sallame ku daga asibiti ranar ce aikin gida ya soma.

Abu na farko, yatsu. Likita yakan bar su a waje da gangan, domin su ne tagar da za a leƙa a ga lafiyar ƙafar da ke ɓoye. A duba su sau da yawa a yini, balle ma kwana biyun farko, sa'ad da kumburi yake tashi. A taɓa a ji da ɗumi. A danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki, jini ya komo kafin a ƙirga uku. Fatarmu baƙa ce, saboda haka farce da cikin yatsa za a duba, a kuma duba da haske, ba cikin duhun ɗaki ba. In yatsu sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko farce ya yi shuɗi ko fari fat ya ƙi komowa, to simintin ya matse, jini ba ya wucewa. Wannan ba ya jiran gari ya waye, ba ya kuma jiran maigida ya taso daga kasuwa. A kwanakin nan na farko a sa matashi ko naɗaɗɗen zane ƙarƙashin ƙafafun su ɗan ɗaga, dunduniya tana lilo ba ta danne ba. Mutanen ƙauye da ke nesa, lalle ku tambayi likita tun kafin ku baro shi abin da za ku yi in haka ta faru da dare, ku karɓi lambar wayarsa.

Na biyu, a ƙirga yatsun. Ranar da aka sa siminti a lura da iyakar inda suka fito, wanda ke da waya mai hoto ya ɗauka. In an wayi gari an ga sun soma shigewa ciki kamar kunkuru, simintin ya zame ke nan. Ƙafa ta bar mazauninta, yanzu simintin danna ta yake inda bai kamata ba, zai kawo gyambo, ya kuma ɓata gyaran. Kada a ce bari ranar komawa ta zo. A koma ran nan.

Na uku, ruwa. Simintin asibiti abokin gabar ruwa ne, in ya jiƙe sai ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa, audugar ciki ta riƙe danshi ta dafa fata. Saboda haka wankan kwano ya tsaya har a gama. Muna roƙon kakanni da ungozomai, su da wankan jariri yake hannunsu, su yi haƙuri da wannan. A shimfiɗa yaro bisa tawul, a goge masa jiki da tsumma mai ɗumi, ya isa. Babban abin tsoro fitsari ne da kashi, gama bakin simintin yana dab da wurin. A riƙa sake kunzugu da wuri, gefensa ya zauna sama da bakin simintin, kada siminti ya shiga cikinsa. Sabon siminti yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya bushe sarai, a bar shi ya sha iska, kada a kanga shi ga murhu ko garwashi, gama zai ƙona yaron daga ciki ba wanda ya gani. Da damina in za a fita a iya rufa leda don yayyafi, amma da an shiga inuwa a cire, domin gumi ma ruwa ne.

Na huɗu, ƙaiƙayi. Da bazara yaro zai yi gumi a ciki ya dami kowa da kuka. Nan ne tausayi yake jawo ɓarna. Wata ta zura tsinken tsintsiya ta sosa masa, wata ta zuba hoda, wata ta ɗura man kaɗanya. Duka haram ne ga siminti. Tsinke yakan yaga fata, miki ya ruɓe a ɓoye, hoda kuwa takan dunƙule ta zama tsakuwa. A zaunar da shi a inuwa, a yi masa fifita a bakin simintin, a ɗan ƙwanƙwasa bayansa da yatsa. Yaro mai rarrafe ko mai wayo sai an sa ido, gama da kansa zai tura tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa ko kuɗi. A ja masa babbar safa ko dogon wando, a shimfiɗa tabarma, kada a bar shi cikin rairayi inda tururuwa da cinnaka za su sami gida.

Na biyar, jini da wari da zazzaɓi. Bayan an yanke agara akan ga ɗan tabon jini a bayan dunduniya, wannan ba kome. A zagaye shi da biro. In an dawo an tarar ya ƙetare zanen yana ta faɗi, a tafi asibiti. Haka kuma in wari ya taso daga ciki, ko ruwa yana tsattsafowa, ko jiki ya yi zafi, ko yaro ya ƙi nono yana kuka irin wanda rarrashi ba ya tsai da shi. Jariri ba shi da bakin da zai ce ga inda ke yi mini ciwo, kukan nan shi ne maganarsa. Maganin zafi kuwa sai wanda likita ya rubuta, bisa awon da ya faɗa, domin da nauyin yaro ake auna shi. Kada a ɓantari ƙwayar manya daga tiren mai talla a ba shi.

Ban da waɗannan, yaro yaro ne. A ba shi nono, a yi masa rigakafinsa a kan lokaci, a yi masa wasa, a fito da shi cikin 'yan'uwansa. In za a ɗaga shi a tallafi ƙugu da cinyoyi, kada a ja shi ta siminti. Goyo ma yana yiwuwa, sai dai uwa ta sa ma'aikatan asibiti su nuna mata yadda za ta yi, yatsu a waje inda za a gan su, majanyi bai danne su ba. Ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane ba ya ƙara masa kome. Wanda ya yi tambaya a gaya masa gaskiya, wataƙila a gidansu akwai irinsa.

Kada kuma a cire siminti tun jajibirin komawa don a sami yi wa yaro wanka. Dare ɗaya ya isa ƙafa ta soma komawa, aikin mako guda ya tafi a banza. A cire a asibiti, ko sa'ad da likita ya ce. In an cire na ƙarshe za a ga ƙafa ta rame, fata tana saɓa. Kada a kankare, a wanke da ruwan ɗumi a shafa mai, za ta murmure. Sha-raɓar wannan ƙafa takan ɗan fi ɗayar sirantaka har girma, tafin ma ya ɗan fi ƙanƙanta, amma ba ya hana kome.

To, a nan ne fa akasarin mutane suke faɗuwa. Ran da aka cire siminti aka ga ƙafa ta miƙe sumul, sai gida ya ɗauki guɗa, a ce an warke. Ba a warke ba tukuna. Jijiyoyin da suka ja ta tun farko suna nan suna ja, har yaro ya kai shekara huɗu ko biyar. Shi ya sa ake ba da takalma biyu haɗe da sanda, masu buɗe ƙafafu waje. Wata uku na farko yaro zai sa su dare da rana, awa 23, awa ɗaya ta wanka ce. Bayan haka sai da dare da lokacin barcin rana, har shekara huɗu ko biyar. Daren farko da na biyu zai yi kuka, don bai saba harba ƙafafu biyu tare ba. A kama sandar a yi masa wasa da ita har ya gane. A sa masa safa, a tabbata dunduniya ta zauna a ƙasan takalmin. Likitocin wannan fanni bakinsu ɗaya a kan cewa babban abin da ke sa ƙafa ta koma shi ne barin takalman nan. Wanda ya tausaya wa kukan dare uku, ya saya wa ɗansa wata tiyatar.

Yanzu ku dubi abin da muka lissafa, ku gaya mana wa zai yi shi. Uwa ce, mai jego, wadda wataƙila ƙosai take soyawa ko ƙuli-ƙuli take kaiwa kasuwa. Sau shida ko takwas za ta shiga mota mako bayan mako, sa'an nan tafiyar tiyata, sa'an nan tafiye-tafiyen sauya takalmi yayin da ƙafa ke girma. Asibitocin ƙashi na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, na Dala a Kano, da na Igbobi a Ikko, da na Enugu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da asibitin yara na CURE a Yamai tun 2010. Akwai wasu wurare da ƙungiyoyin agaji suka taimaka aka buɗe, amma mutumin ƙauye har yanzu tafiyar yini ce a gabansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Kowace tafiya kuwa cinikin yini guda ne ya tafi. In irin wannan mata ta tsaya a siminti na huɗu, sai ka ji ana cewa jahilci ne. Mu mun ce a fara duba aljihunta kafin a zagi hankalinta.

Don haka ga abin da muke nema daga masu riƙe da dukiyar jama'a. Na ɗaya, a koya wa kowace ungozoma da kowace nas ta duba ƙafar jariri ran haihuwa da ran rigakafin farko, ta kuma san inda za ta tura. Na biyu, a keɓe rana guda a mako a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma domin wannan aiki. Kada a ce mana babu manyan likitoci. Malawi da Yuganda ba su fi mu arziki ba, ƙananan ma'aikatan lafiya suka horar, aikin kuwa ya yi kyau. Na uku, siminti da auduga da takalma su zama kyauta. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta cika ba. An sa hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu a 2019, mun yaba, amma hana naƙasar da za a iya hanawa ya fi araha, ya kuma fi mutunci. Na huɗu, a yi wa iyaye bayani da harshensu, a takarda mai hoto da kuma a rediyo, ba a jefa musu Turanci a bakin ƙofa ba.

Maganar takalman ma akwai abin koyi. Wani likitan gashin ƙashi ɗan ƙasar Holan, Michiel Steenbeek, da ya ga na Turai sun fi ƙarfin talakan Yuganda, sai ya tsara wasu da masu ɗinkin takalma na can suke yi da fata da ƙarfen gida, ana kuma amfani da su a ƙasashe da dama. Ƙasar da dukawanta suka yi suna tun zamanin fataken Sahara, ina dalilin da za ta jira takalmin jariri daga jirgin ruwa? A ɗauki dukawa da maƙera, asibiti ya koya musu awo da kusurwa daidai, gama ba aikin ka-ci-ka-ci ba ne, su sami sana'a, yara su sami takalma.

Amma kafin hukuma ta farka, mu ma da namu. Maigida, ranar asibiti taka ce kamar yadda take tata, in ba ka je ba ka ba da kuɗin mota ba tare da gori ba, ka kuma koyi ɗaura takalman da hannunka. Uwar miji, bakinki ake ji a gidan, in kin ce a bar takalman za a bari, in kin ce a daure za a daure. Abokiyar zama da maƙwabta, ku karɓi girki ranar tafiya. 'Yan kasuwa, maƙwabcin rumfa ya tsare wa maƙwabcinsa kaya, uwar adashi ta matso wa mai wannan lalura da kwasarta, sarkin kasuwa da shugabannin tasha su san da ita, direba ya ba ta gaba inda ƙafafun yaro ba za su matsu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ya ga jariri da irin ƙafar nan ran suna, kada ya kau da kai don kunya, ya ja uban gefe ya gaya masa akwai magani, a tafi cikin makon.

Ranar 3 ga watan Yuni, ranar haihuwar Ponseti, ita aka keɓe a duniya domin tunawa da wannan lalura. Ba laifi a yi taro a yi jawabi. Amma mu abin da za mu ƙirga shi ne yara nawa suka kai ƙarshen siminti, nawa kuma suka cika shekara huɗu da takalmansu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da mataimaka, amin.